Na koya mata ɗinkin jaka, yanzu tana sayar da zanena

Wata baiwar Allah ta rubuto mini, ga abin da ta ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Yaya. Sana'ata ɗinkin jakar hannu ta fata, shekara shida ke nan. Akwai wata jaka da na kusa shekara ina gyara fasalinta: bakinta a lanƙwashe kamar jinjirin wata, hannunta tufkakke, ga wani maɓalli da na ƙirƙiro wanda ake buɗewa da yatsa ɗaya. Wata tara da suka wuce na ɗora hotunanta a Instagram, Allah ya sa ta karɓu. Sai ga yarinyar da na koya wa aiki shekara uku ta bar wurina, tana ɗinka irinta sak, tana sayarwa da araha, har da hotunana take talla. Barci ya gagare ni. Ƙawayena sun ce in tona mata asiri a intanet, wani kuma ya ce in je in yi rajista in maka ta a kotu. Ina kuma da sabon zane da ba wanda ya gani sai wanda na biya ya zana mini shi a kwamfuta, kuma wani kamfani a ƙasar waje ya ce in turo masa ya duba ko zai iya yi mini da yawa. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na kuma ji zafin da ke cikinta. Wanda ya kwashe watanni yana yanka fata yana warware ɗinki har siffa ta zauna masa, shi ya san ma'anar kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kina da gaskiyar jin haushi. Amma zan fara da abin da kika ajiye a ƙarshen wasiƙar, domin ya fi komai gaggawa: kada ki tura wa kamfanin nan sabon zanen tukuna. Kada ki ɗora shi a ko'ina, ko da a WhatsApp ne don ƙawaye su sa albarka. Ki rufe shi kamar yadda kike rufe kuɗi.

Ga dalili. A jakarki ɗaya akwai abubuwa huɗu da doka take kallo daban-daban, kuma mutane kan cakuɗa su. Akwai kamannin jakar, wato lanƙwasar bakinta, tufkar hannunta, layukan ɗinkinta da launukanta. Wannan shi ake yi wa rajistar zanen kayan masana'antu. Akwai yadda maɓallin yake aiki, wanda in har sabuwar dabara ce ta gaske, rajistar ƙirƙira ce take kare shi, hanya ce kuma mai tsawo da tsada. Akwai sunanki da tambarinki da kike liƙawa a jiki, wannan alamar kasuwanci ce. Sannan akwai hotunan da kika ɗauka, waɗanda haƙƙin mallaka yake karewa. Rajistar zane ruwanta da abin da ido yake gani ne kawai. Duk wani sashe da aikin da yake yi ne ya tilasta masa siffarsa, ba ta rufe shi. Saboda haka in kika yi wa jakar rajista, kin kare kamannin maɓallin, amma wata za ta iya amfani da dabararsa ta ba shi wata siffa.

Sharaɗin da ya fi kayar da masu sana'a shi ne zanen ya kasance sabo ranar da aka shigar da takarda. Sabo a idon doka yana nufin jama'a ba su riga sun gani ba, kuma abin da yake ba mutane mamaki shi ne mai zanen da kanta tana iya kashe sabuntarsa. Hoton da kika ɗora, jakar da kika sayar, wadda kika rataya a kafaɗa kika shiga taro da ita, duk bayyanawa ne. Ba ƙananan masu sana'a kaɗai abin ke ci ba. Kamfanin Crocs ya baje takalminsa na roba a wani bajekolin jiragen ruwa a jihar Fulorida ta Amurka a 2002, yana kuma sayar da shi a shafinsa na intanet, bai nemi rajista a Tarayyar Turai ba sai 2004. A 2018 kotun Tarayyar ta tabbatar da soke rajistar, domin duniya ta riga ta ga takalmin fiye da shekara guda kafin a nema. Wanda ya fi kama da naki shi ne na kamfanin takalma na Puma. A watan Disamba na 2014 mawaƙiya Rihanna ta ɗora hotunanta a Instagram sanye da wani farin takalmi mai kaurin ƙasa, kamfanin kuma bai shigar da takardar zanen ba sai watan Yuli na 2016. A watan Maris na 2024 kotun ta ce waɗannan hotunan sun isa hujjar cewa zanen ya riga ya fita. Kamfanoni ne masu rundunar lauyoyi, amma kwanan wata ya kayar da su.

To yaya batun jakarki ta farko, mai wata tara a idon jama'a? A nan ƙasar da ake magana a kanta ita ce komai, domin rajistar zane ba ta tsallaka iyaka. Inda aka yi ta, nan take aiki. Tarayyar Turai, Birtaniya da Amurka suna ba mai zane rangwamen wata 12 na neman rajista daga ranar da shi da kansa ya fara nuna shi. In kina sayarwa a ɗaya daga cikinsu, ko kina da niyyar haka da gaske, saura miki kamar wata uku, kuma ƙidayar daga ranar hoton farko take farawa, ko da mutum goma ne suka gan shi a lokacin. Wasu ƙasashen ba su da wannan sassaucin. Dokar Najeriya ta 1970 kan ƙirƙira da zane, misali, ta ce zanen da aka riga aka bayyana wa jama'a a ko'ina kuma a kowane lokaci ba sabo ba ne, rangwamen da ta yi kuwa na wanda ya nuna shi ne a bajekolin da hukuma ta amince da shi cikin wata shida kafin neman rajista. Instagram ba ya cikin wannan. A watan Nuwamba na 2024 ƙasashen duniya sun amince da wata yarjejeniya kan dokar zane a birnin Riyad wadda ta tanadi rangwamen wata 12, sai dai ba za ki jingina da ita ba har sai ƙasar da kike ciki ta shigar da ita cikin dokarta.

Zan faɗa miki abin da mai ba ki shawarar kotu bai faɗa ba. Ofisoshin rajista da yawa, har da na Tarayyar Turai da na Najeriya, ba sa binciken ko zane sabo ne kafin su ba da takardar shaida; cikar takardu suke dubawa. Wato za ki iya zuwa gobe ki biya, a ba ki satifiket mai hatimi a kan tsohuwar jakar, ki ji kamar kin riƙe makami. Ranar da kika shiga kotu da shi, abu na farko da lauyan ɗaya ɓangaren zai ajiye gaban alƙali shi ne hoton da kika ɗora da hannunki, da kwanan watansa a ƙasa. A soke rajistar, ki yi asarar kuɗin lauya, wataƙila har a ɗora miki nata. Ba na so ki zuba jarinki a wannan ramin. In ƙasarki ba ta da rangwame, ki saki batun rajistar tsohuwar jakar. Na san maganar tana da ɗaci, na kuma gwammace ki ji ta yanzu da ki ji ta daga bakin alƙali.

Akwai 'yar ƙofa ɗaya da ya kamata ki sani. Tarayyar Turai tana kare zanen da ba a yi wa rajista ba na tsawon shekara 3 daga ranar da aka fara bayyana shi a cikinta, amma daga kwaikwayo kai tsaye kawai, kuma ke ce za ki kawo hujjar cewa kwafa aka yi. Birtaniya ma tana da irin wannan. Haƙƙin mallaka kuma a wasu ƙasashen, kamar Faransa, yana iya rufe siffar kaya in akwai fasaha ta musamman a ciki, yayin da a Najeriya doka ta cire zanen da tun farko aka yi shi da niyyar a yi ta buga shi da yawa. Wannan tambaya ce da za ki warware a zama ɗaya da lauyan da ya ƙware a mallakar fasaha. Ki nemi wanda wannan ne fanninsa, domin ba kowane lauya ne yake aikin ba.

Mu koma kan sabon zanen, wanda har yanzu yana hannunki lafiya lau.

Kafin komai, ki koma wurin wanda ya zana miki shi a kwamfuta ku yi rubutu. Mutane sukan ɗauka duk wanda ya biya shi ne mai abu, alhali ba ko'ina haka take ba. A dokar Najeriya, zanen da aka yi bisa kwangila na wanda ya ba da aikin ne. A Tarayyar Turai kuwa, da Birtaniya tun 2014, na wanda ya zana ne sai in an rubuta akasin haka. Takarda shafi ɗaya ta isa: ya bayyana cewa fasalin naki ne, duk wani haƙƙi da yake da shi a kai ya sallama miki, ba zai nuna wa kowa ba, ya sa hannu da kwanan wata gaban shaida. Ki yi wannan yanzu da kuke shiri, lokacin da zanen bai kawo ko sisi ba. Bayan jaka ta yi kasuwa, hannun mutum yakan yi nauyin ɗaukar biro.

Sai ki duba ko wani bai riga ki ba. Hukumar kula da mallakar fasaha ta duniya, WIPO, mai hedikwata a Jeniba, tana da rumbun zanuka a intanet mai suna Global Design Database, ofishin Tarayyar Turai ma yana da nasa, DesignView, duka kyauta ne. An rarraba kayayyaki gida 32 bisa tsarin da aka amince da shi a Lokarno a 1968, jakar hannu tana gida na 3. Ki zauna awa biyu ko uku ki duba. Sau da yawa mai sana'a yakan tarar siffar da yake ganin shi ya fara, wani ya yi mata rajista shekaru da suka wuce ba tare da sun san juna ba, kuma gara ki gano haka kafin ki biya kuɗin rajista, ki sami damar ƙara bambanta taki.

Abin da nake so ki ba wa lokaci sosai shi ne hotunan da za ki miƙa, domin abin da ke jikinsu shi kaɗai doka za ta kare. Bayanin baki ba ya ƙara komai a kan abin da hoto bai nuna ba. A ɗauki jakar ita kaɗai a kan farin fili, gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, da ɗaya daga kusurwa. Ba hannun mutum, ba furanni, ba tambarinki a jiki sai in kina so ya zama ɓangaren abin da aka yi wa rajista. Ki yi tunani a kan launi: in kika miƙa hoton jar jaka, kin buɗe ƙofar a ce launin yana cikin zanen, mai kwaikwayo ta yi baƙa ta ce ai sun bambanta. Shi ya sa masu aikin suka fi son zanen layi, baƙi a kan fari, wanda yake nuna siffa tsagwaronta. In kuma wani sashe ne ran jakar, kamar hannun ko lanƙwasar baki, ƙasashe da yawa suna yarda a yi masa rajista shi kaɗai, a zana sauran jikin da ɗigo-ɗigo don nuna cewa ba a kansa ake magana ba. Mai kwafa ba kasafai take ɗaukar jaka gaba ɗaya ba, abin da ke jan ido take tsintsa ta ɗora a wani jiki. Rajistar sashe ce take kama irin wannan.

Ki fara shigar da takarda a ƙasar da kike ɗinki kike sayarwa. Daga ranar, yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ba ki wata shida ki nemi rajistar zanen a sauran ƙasashen da ke cikinta, a lissafa miki kamar ranar farko kika nema. Cikin waɗannan watannin za ki iya tallarki, ki ga yadda kasuwa ta karɓa, sannan ki yanke inda ya cancanci ki ƙara kashe kuɗi. Kada ki ce sai kin rufe duniya. Inda kike sayarwa da inda za a ƙera, su ne wurare biyun da suka dame ki. Wasu ƙasashen sun haɗa kai don sauƙaƙawa: takarda ɗaya a ofishin OAPI, ƙungiyar mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, da ke Yawunde tana aiki a ƙasashe 17, ciki har da Nijar, Kamaru da Chadi, takarda ɗaya a ofishin da ke Alikante ta Sifaniya tana rufe ƙasashe 27 na Tarayyar Turai. Akwai kuma tsarin Hague, wanda aka kafa a 1925 kuma WIPO take gudanarwa, inda ake shigar da zane har 100 a takarda ɗaya in gidansu ɗaya ne a tsarin Lokarno, a zaɓi ƙasashen da ake so. Sharaɗinsa mai nema ya kasance ɗan ƙasar da ke cikin tsarin, ko mazauninta, ko yana da sana'a ta gaske a can. OAPI tana ciki tun 2008, Sin ta shiga a 2022, Najeriya ba ta ciki. Tsawon kariyar ma ya bambanta: a Najeriya shekara 5 ce, ana sabuntawa sau biyu zuwa 15, a Turai ana iya kaiwa 25, a Amurka 15 ce daga ranar bayarwa ba tare da sabuntawa ba. Ranar da takarda ta shigo hannunki, ki rubuta ranar sabuntawa inda ba za ki manta ba.

Kamfanin nan na waje, bayan kin shigar da takarda za ki tura masa, kuma sai ya sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri wadda ta ce zanen naki ne, ba zai yi wa kowa irinsa ba, ba zai sayar da rara ba, ba zai yi masa rajista da sunansa ba. Wannan na ƙarshen ki tsaya a kansa. A ƙasashe da yawa wanda ya riga kai takarda shi ake fara ɗauka mai haƙƙi, ƙwato shi daga baya kuma shari'a ce a ƙasar da ba taki ba, da harshen da ba naki ba. Nuna zane ga wanda ya ɗauki alkawarin sirri ba ya kashe sabuntarsa a yawancin dokoki, amma sai kina da takardar da za ki nuna. Kamfanin da ya ƙi sa hannu ya riga ya ba ki amsa, ki nemi wani.

Yanzu ga yarinyar.

Tona asiri a intanet ban goyi bayansa ba ko kaɗan. In kika kira ta ɓarauniya a bainar jama'a alhali ba ki da rajista, ita ce za ta iya kai ƙarar ɓata suna, ki wayi gari kina kare kanki. Ban da haka, kin yi mata talla kyauta: duk wanda ya karanta zai san akwai inda ake samun irin jakarki da araha. Amma hotunanki da take talla da su, nan kina da ƙafar tsayawa sosai. Hoton da kika ɗauka naki ne tun daga lokacin da kika danna, ba ya buƙatar rajista, bisa ƙa'idar yarjejeniyar birnin Bern ta 1886 da yawancin ƙasashe suke bi. Instagram da Facebook suna da fom na kai ƙorafin haƙƙin mallaka, kuma sukan sauke abin da aka tabbatar an ɗauka ba izini. Idan kuma tana barin masu saye su zaci kayanki ne, ko tana amfani da sunanki, wannan ma laifi ne daban da kotu take saurara. Kafin ki yi motsi, ki ɗauki hoton shafinta da kwanan wata, ki tattara zanukanki na farko, gwaje-gwajen da kika yanka kika watsar, rasiɗan fata, da saƙonnin masu sayen farko. Ki kuma sa lauya ya duba ko ba ta riga ta kai jakar rajista da sunanta ba; in ta yi, waɗannan takardun ne za su rushe ta.

Duk da haka ba da fom zan so ki fara ba. Shekara uku kuka yi kuna zaune kan aiki ɗaya. Abin da hannunta ya koya, na yanka da ɗinki da gyaran gefe, ya zama nata har abada, kuma haka ya kamata, don haka kika koya mata. Inda ta kauce shi ne ɗaukar fasalinki da hotunanki, kuma akwai yiwuwar ba ta ma ɗauke shi laifi ba, domin da yawa cikin masu koyon sana'a sun taso suna ganin duk abin da aka ɗinka a gabansu na kowa ne. Ki nemi wani babba da take jin nauyinsa, ku zauna ku uku. Ki ce ta sauke hotunanki cikin kwana bakwai, ta daina duk abin da zai sa a ɗauka kayanki ne, ta kuma sauya fasalin tata ta yadda za a bambance. In kin ga hannunta yana da kyau kuma oda ta fi ƙarfinki, ki yi tunanin ba ta izini a rubuce ta riƙa ɗinka tsohuwar jakar da tambarinki, bisa ingancin da kika gindaya da farashin da kuka amince, tana ba ki kaso a kan kowace ɗaya. Wannan shi ake kira lasisi, manyan kamfanoni da shi suke faɗaɗa kasuwa. In zuciyarki ba ta kai nan ba yanzu, ba dole, ba kuma laifi ba ne.

Tambarin nan kuwa ki yi masa rajista a tafiya ɗaya da sabon zanen. Kariyar zane tana da ranar ƙarewa, ta alamar kasuwanci ana sabunta ta muddin ana amfani da ita. Kwalbar Coca-Cola mai ƙugu an yi wa zanenta rajista a 1915, wa'adin ya ƙare tuntuni, abin da ya ci gaba da tsare ta shi ne jama'a sun san siffar da kamfanin har aka amince da ita a matsayin alamarsa. Duk wanda zai zo koyon aiki wurinki daga yau, ku rubuta tun ranar farko cewa fasalin da ba ki fitar ba sirri ne.

Yau da dare ki buɗe shafinki ki gangara har hoton jakar na farko, ki rubuta ainihin ranarsa, ki kuma tuna ko kin sayar wa wani ko kin tura wa wani hoto kafin ranar. Da wannan kwanan watan za ki shiga ofishin lauya, kuma ki shiga cikin makon nan. Allah ya sanya albarka a sana'arki, ya sanyaya miki zuciya.